Inda Ya Kamata Sandunan Golf Su Kwana

Mutumin Kwatarkwashi, ko na Gusau, Tsafe da Bunguɗu, idan ya kamu da son wasan golf, yawanci sai tafiya ta kai shi Zariya, Kaduna, Kano ko Abuja yake samun damar bugawa. Ya yi wasan awa huɗu ko biyar, ya juyo gida, sandunan kuma su zauna mako uku ko wata guda, wani lokacin ma damina ta shiga ta fita ba a zuge jakar ba. Wannan dogon zaman shi ke cinye kaya. Sababbin 'yan wasa da nake haɗuwa da su kusan duk kukansu ɗaya ne: mariƙin roba ya yi santsi, tsatsa ta fito wa ƙarfe, kan sanda ya soma girgiɗi, alhali ba su wani more su ba. In ka tambayi inda jakar take kwana, amsar ba ta wuce biyu, ko but ɗin mota ko sito.

Ga shi kuma akasarinmu na hannu muke saye, waɗanda suka riga suka sha wasa a Ingila ko Amurka, gam ɗinsu da robarsu sun tsufa tun kafin su iso Najeriya. Wanda ya iya gyaransu ba a kowane gari yake ba, sai an dangana da manyan kulob. Don haka ajiya mai kyau ita ce gyara mafi arha.

Kafin mu shiga matakai, ya kamata ka san abin da kake karewa. Kowace sanda kashi uku ce. Akwai kai, wanda ke dukan ƙwallo. Akwai jiki, wanda ko dai bututun ƙarfe ne da aka shafe bayansa da kurom, ko kuma girafayit, wato zaren kabon da aka nannaɗe aka haɗa da gam. Sai mariƙi na roba, wanda aka zura a kan salatif mai danƙo ciki da waje. Kai da jiki ba walda aka yi musu ba, gam ne kawai ya riƙe su, sai ɗan baƙin zoben roba mai tauri da ke rufe mahaɗar. Ke nan gam, roba da ƙarfe kake ajiyewa. Zafi ne abokin gabar biyun farko, danshi kuma na ukun.

Abubuwan da za ka tanada

- Ƙaramin bokiti da sabulun ruwa na wanke-wanke
- Tsohon burushin haƙori, ko burushi mai taushi
- Tawul biyu, ɗaya na wanki ɗaya na busarwa
- Man keken ɗinki da tsumma mai tsabta
- Katako ko ƙaramin benci da za a ɗora jaka a kai
- Tsohon zanen gado na auduga
- Ƙunshin gawayi a tsumma, ko 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi
- Hulunan sanduna, musamman na dogayen
- Sandar tsintsiya ko ta mofa da ta fi duk sandunanka tsawo

Mataki na 1: Ƙirga kafin ka bar fili

Dokar wasa ta ce kada jaka ta wuce sanda 14. Ka san adadin naka, ka ƙirga a gaban kadi, wato yaron da ya ɗaukar maka jaka, kafin ka sallame shi. Wadda aka fi mantawa ita ce weji, sandar gajeren bugu, domin ana ajiye ta a gefen rami a ɗauki fota, mai tura ƙwallo cikin rami, sai a wuce. In sai ka iso Tsafe ka tuna, ka san ba komawa za ka yi ba.

Ƙirga tana kare ka daga ƙari kamar yadda take kare ka daga ragi. A gasar Open ta 2001 a filin Royal Lytham da ke Ingila, ɗan wasa Ian Woosnam yana cikin na gaba-gaba a ranar ƙarshe aka gano sanda 15 a jakarsa, har da diraba biyu, wato sandar dogon bugu, aka ci shi tarar bugu biyu. Idan hakan ta sami gwani mai kadi na musamman, kai da abokinka ya ara maka sanda don gwaji ka jefa a jaka ka fi kusa da faɗawa.

Mataki na 2: Wanke su a ranar

Zuba ruwa mai ɗan ɗumi a bokiti, ɗumin da hannu zai jure ba tare da ka ji komai ba, ka ɗiga sabulu. Tsoma kawunan ayon, wato sanduna masu dunƙulallen kan ƙarfe, da weji na minti biyar, amma kada ruwan ya kai baƙin zoben mahaɗa. Dalili biyu ne: ruwan zafi yana sassauta zoben, kuma in ruwa ya sami hanya ya shiga bututu, daga ciki tsatsa za ta fara, inda ido ba ya gani. Goge layukan fuskar sanda da burushi har ƙasa ta fita, domin waɗannan layukan ne ke kama ƙwallo su sa ta juya ta tsaya inda aka so.

Diraba da sauran masu babban kai ba a tsoma su, cikinsu holoƙo ne, ruwa na iya shiga ya maƙale. Jiƙaƙƙen tawul ya wadatar. Soson ƙarfe kuwa kada ya kusanci kowace sanda, zai kankare kurom ya buɗe wa tsatsa ƙofa. Omo ma ya yi kaifi da yawa.

Akwai abin da ya keɓanta da filayenmu. Golf ya daɗe a Arewa, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, na Kaduna da na Kano ma tun zamanin Turawan mulki. Saboda ƙarancin ruwa, a filaye da dama wurin da ramin yake ba ciyawa aka shuka ba, yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai ana daddaɓewa. In a irin wannan fili ka buga, man nan yana bin fota, ƙwallo, tawul da tafin hannunka, daga nan ya koma mariƙi. Mai kuwa yana lalata roba, ya sa ta yi laushi da danƙo, daga baya ta yi ƙyalli da santsi. Saboda haka wanke mariƙi wajibi ne: sabulu kaɗan, burushi, ɗauraya da jiƙaƙƙen tawul. Riƙe sandar mariƙi na kallon ƙasa, domin akwai ɗan rami a ƙarshensa da ruwa ke bi ya shiga bututu. Wanda ya buga a filin ciyawa irin na IBB da aka buɗe a Abuja a 1991 bai tsira ba shi ma, gumi da gishirinsa sun ishi mariƙi.

Mataki na 3: Busarwa

Goge kowace sanda daga kai har mariƙi, sannan ka jera su a jikin bango a inuwa su sha iska na awa ɗaya ko biyu. Kada ka shanya su a rana don sauri. Kada kuma ka mayar da hula kan sandar da ba ta gama bushewa ba, hular za ta riƙe ruwan ta manna shi a jikin ƙarfe har mako guda. In ruwan sama ya dake ka a fili, fito da komai, kife jakar, bar ta ta kwana a buɗe. Ƙasan jaka shi ne wurin da ya fi jinkirin bushewa, kuma a nan mariƙai suke zama.

Mataki na 4: Zazzage aljihunan jaka

Wannan aikin minti uku ne, amma shi aka fi tsallakewa. Ɓawon ayaba, guntun biskit, gyaɗa, dabino, ragowar lemon kwalba: duk gayyatar ɓera ce da kyankyaso. Ɓeran da ya shigo don gyaɗa ba zai fita ba sai ya ɗanɗana mariƙi da safar hannu. Fitar da jiƙaƙƙen tawul da lema. Safar hannu ta fata ce, miƙar da ita ta bushe a inuwa, in ka dunƙule ta da gumi za ka same ta ta ƙandare ta tsattsage. Takalmi a ajiye shi daban. In kana da na'urar auna nisa, cire batirinta in zaman zai yi tsawo, batir yana zubar da ruwa ya ci wayoyin ciki.

Mataki na 5: Zaɓen wurin ajiya

A nan ne maganar take, don haka bari mu bi wuraren da mutane ke zaɓa ɗaya bayan ɗaya.

But ɗin mota. Hujjar mai yin haka ita ce sauƙi, jaka na nan duk lokacin da tafiya ta taso. To amma a Maris, Afrilu da Mayu zafin yankinmu yakan kai digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yana haura 60. Masu gyaran sanduna da zafi suke raba kai da jiki, su hura wa mahaɗar wuta har gam ya saki. But bai kai zafin na'urarsu ba, gaskiya ne, sai dai kullum rana ta gasa dare ya huce, wata da watanni, ga tsohon gam, a hankali yake rage ƙarfi. Salatif ɗin ƙarƙashin mariƙi shi ma yana narkewa, mariƙin ya riƙa murɗewa a hannu. Ƙara da jijjigar hanya: duk ramin da mota ta faɗa, kawunan ƙarfe suna dukan jikin girafayit. Sannan motar da aka san da kaya a but tana jan idon ɓarawo. Kwana ɗaya a hanya ba laifi. Mazauni na dindindin ne ba ta dace ba.

Sito. A gidan manomi, kuma a Zamfara kusan kowane gida na manomi ne ko da mai gidan ma'aikaci ne, sito yana ɗauke da buhunan taki, gishirin dabbobi, hatsi da maganin feshi. Takin zamani, yuriya ko NPK, yana jan danshi daga iska, kuma ƙurarsa tana cin ƙarfe. Duk wanda ya bar fartanya a jikin buhun taki damina ɗaya ya ga yadda take komawa. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun wake ko masara tana fitar da iska mai guba, wadda bayan haɗarinta ga mutum tana lalata tagulla da kayan lantarki. Ga ɓera, ga gara.

Ɗakin janareta ko na batiran sola. Yana da kulle, shi ya sa ake sha'awarsa. Amma tururin fetur da zafin inji suna tsofar da roba, batiran ruwa kuma suna fitar da tururin asid da ke sa ƙarfe tsatsa ko da rani ne.

Saman wadirob ko cikin silin. Ƙarƙashin rufin kwano ya fi ko'ina zafi a gida da rana. Kuma a can dole a kwance za a ajiye jakar, galibi a ɗora mata wasu kaya.

Zaure, baranda da gareji marar silin. Ƙura, feshin ruwan sama, hasken rana, da hannun kowa.

To ina ya rage? Cikin gida, a ɗakin da mutane ke zama. Ma'aunin da nake ba masu tambaya shi ne: in wuri ne da za ka yarda ka shimfiɗa wa baƙonka tabarma ya kwana da bazara da damina, to sanduna ma za su zauna lafiya. Lungun ɗakin kwana, ko na falon mai gida, ko cikin dogon wadirob da ake buɗewa kullum. Zaɓi bangon ciki, wanda ke tsakanin ɗaki da ɗaki, domin bangon waje na yamma yana riƙe zafin rana har tsakar dare, na gabas kuma shi ruwan damina ya fi duka, sai ya riƙa tsattsafo da danshi. Nisanci taga, da bangon da ke jingine da banɗaki. Ba a buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, abin nema shi ne wurin da zafinsa ba ya hawa da sauka da yawa kuma iska na ratsawa.

A gida mai yara a ƙara da kulle. Yaro in ya ga sanda sai ya gwada lilo da ita, kan ayon kuwa dunƙulen ƙarfe ne da zai iya fasa kan ƙaninsa. A kuma gaya wa mutanen gida cewa ba ta kaɗo mangwaro ba ce, ba kuma ta kashe maciji ba, duk da na yarda siffarta tana jan hankali zuwa ga hakan.

Mataki na 6: Yadda jakar za ta zauna

A tsaye, bisa katako ko benci, tsayin yatsu huɗu daga daɓe ya isa. Siminti yana fitar da danshi da damina, kuma in ruwa ya shigo ɗaki ƙasan jaka zai fara samu. Katakon yana kuma ba ka damar ganin hanyar gara tun tana farawa. Bar ɗan rata tsakanin jaka da bango.

Dogayen sanduna su sa hulunansu, su zauna a ramin jaka na sama, gajeru a na ƙasa, don kada kan ƙarfe ya riƙa gogar jikin girafayit. Girafayit ba ya tsatsa, amma in ƙarzuwa ta ratsa fenti ta taɓa zaren, nan ne zai karye wata rana. Kada a rataya komai a kan sandunan, kada a jingina musu katifa ko buhu. Sandar da ka fitar ita kaɗai kada ta daɗe a jingine da nauyi a kanta.

Rufe da zanen auduga. Kada ka naɗe da leda, leda tana kulle danshi a ciki, ka buɗe ka tarar da fumfuna. Jefa ƙunshin gawayi a babban aljihu, ka riƙa shanya shi a rana lokaci-lokaci. Kafur in za ka sa don ƙwari, ajiye shi a ƙasa kusa da katako, kada ya taɓa roba.

Mataki na 7: Bi da yanayin shekara

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu matsalar ƙura ce da bushewa. Ƙurar hunturu tana shiga zif ta cije shi, tana kwanciya a mariƙi ta sa shi santsi. Goga kyandir a haƙoran zif, share mariƙai da ɗanyen tawul sau ɗaya a wata. In jakarka ko takalminka na fata ne, shafa musu man fata kaɗan don kada su dare.

Da bazara ba wani aiki, illa ka tabbata jakar tana ɗaki mafi sanyi.

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta, tsatsa ce. Ɗiga man keke a tsumma, shafa siriri a jikin bututun ƙarfe da kawunan ayon da weji. Weji da ayon da aka ƙera da ƙarfe mai taushi sun fi saurin kamuwa. Man kada ya kai mariƙi. Kuma ka goge shi tas daga fuskar sanda kafin wasa, domin doka ta hana shafa wa fuska wani abu da zai sauya tafiyar ƙwallo. Duk mako biyu yaye zanen, zaro sanduna, leƙa cikin jaka da tocila kafin ka zura hannu. Zanzaro yana gini a ciki, kunama ma tana son irin wurin. In ka ga ɗigon tsatsa, goge shi da tsumma da mai tun yana sama-sama.

Mataki na 8: In za ka bar su a kulob

Ga wanda fili ɗaya yake zuwa kullum, barin jaka a ɗakin ajiyar kulob yana rage wahalar hanya, kuma sau da yawa shi ne ya fi. Sai dai ka shiga ɗakin da ƙafarka kafin ka biya. Duba rufi ko yana yoyo, duba ko jakunkuna a kan kanta suke ko a ƙasa, shaƙi iskar ɗakin ka ji ko akwai warin danshi. Tambayi wa ke riƙe da makulli, ko ana rubuta shiga da fitar jaka, da abin da kulob zai yi in sanda ta ɓata. Ɗauki hoton kowace sanda da lambar da ke jikin wuyanta in tana da ita, ka rataya sunanka a jaka. Ba zargin kowa ake yi ba, amma jakar da mai ita ya yi wata biyu bai leƙo ba takan zama ta aro. Na'urar auna nisa da sababbin ƙwallaye su biyo ka gida. Matakai na 2, 3 da 4 suna nan daram ko a kulob za ka bari. Kada ka miƙa jiƙaƙƙiyar jaka ka ce yara za su kula.

Mataki na 9: Hanya

Daga Gusau ta Kwatarkwashi, Tsafe, 'Yankara, Funtuwa zuwa Zariya tafiya ce ta awowi, da ramuka da shingayen bincike. A motarka, kwantar da jakar a saman sauran kaya, kawunan sanduna ba sa tokare da jikin mota. In but ɗin ya yi gajarta, zaro diraba ka shimfiɗa ta daban maimakon ka danna murfi a kanta. Cusa tawul tsakanin kawunan ayon don su daina karo. Zura sandar tsintsiyar nan a tsakiyar jaka, in wani abu ya doki jakar ta sama ita za ta karɓi dukan.

A motar haya, kada ka bari masu lodi su sa ta ƙarƙashin buhu ko su ɗaure ta da igiya a bakin but. Biyan kuɗin kujera ɗaya ya fi sayen sabuwar diraba sauƙi nesa ba kusa ba. Doguwar jaka rufaffiya kuma tana sa jami'an tsaro tambaya a wannan hanya, kuma suna da hujja. Ajiye ta inda za a buɗe ba tare da sauke kaya ba, ka zuge da kanka ka nuna. Da ka isa gida, jakar ta riga kowane kaya shiga ɗaki.

Mataki na 10: Dubawa kafin wasa na gaba

Kwana biyu kafin tafiya, ba da safiyar ranar ba, ɗauki kowace sanda. Riƙe kai da hannu ɗaya, mariƙi da ɗayan, ka murɗa a hankali. In ka ji motsi ko ƙara, ko ka ga rata ta buɗe tsakanin zobe da kai, ajiye ta gefe. Wani lokacin zoben ne kawai ya zame, wani lokacin gam ne ya saki, kuma kan da ya fice a tsakiyar bugu yana tafiya da ƙarfin da zai raunata wanda ke kusa. Girgiza sandar ƙarfe kusa da kunne, in ka ji kamar yashi na zuba a ciki, wataƙila tsatsa ce ta ci bututun. Shafa yatsa a jikin girafayit ka ji ko akwai tsagewa.

Mariƙin da ya yi ƙyalli, ya taurare ko ya tsage, wanki ba zai dawo da shi ba, sai canji. Masu sana'ar suna ba da shawarar canzawa kusan shekara-shekara ga mai wasa a kai a kai, mu da zafi ya yi wa yawa ko ba mu buga sosai ba robar tana tsufa. Mariƙi mai santsi yana sa ka damƙe sanda da ƙarfi, bugu ya lalace kana ɗora wa kanka laifi.

Kan da ya saki kada a kai wa mai walda, kada a ɗura masa sufa gulu, wanda ke ƙandarewa ya farfashe da bugun farko. Gam mai haɗi biyu ake sawa, irin Araldite mai jinkirin kamawa, bayan an kankare tsohon gam daga ciki da waje, a bar shi awa 24 kafin a taɓa. In jikin girafayit ne, bar wa mai gyara na kulob, domin zafin da ya wuce kima wajen cire kai yana kashe bakin sandar gaba ɗaya.